Ko ana koyar da adalci? Malamin jami'a da ɗaliban da ba su yi kama da shi ba

Duk wanda ya leƙa babban zauren karatu na jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai a farkon shekara, zauren da ɗalibai ke kira amfi, zai ga Nijar ɗungurungum zaune bisa benci. Ga ɗan ma'aikacin gwamnati da ya tashi yana jin Faransanci tun a tsakar gidansu. Kusa da shi ga ɗan manomi daga karkarar Tasawa, wanda bai taɓa jin harshen ba sai a bakin mushe. Ga yarinyar da ta tsallake maganar aure sau biyu kafin ta samu bak, ga ɗan makiyayi daga Azawak da ya yi firamare a makarantu uku saboda yawon kiwo. Can gefe kuma ga makaho ya kasa kunne, don shi allo ba ya gaya masa kome. A gabansu duka mutum ɗaya ne tsaye, da alli a hannu da digirin dakta a aljihu.

Abin mamaki shi ne, a cikin dukan masu koyarwa na ƙasa, wannan mutum ne aka fi ƙarancin koya wa koyarwa. Malamin firamare yakan bi ta makarantar horon malamai. Malamin kwalej da na lise suna da babbar makarantar horon malamai ta Yamai, suna da masu sa ido da ke shiga aji su zauna a baya suna rubutu. Shi kuwa malamin jami'a, abin da ke buɗe masa ƙofa shi ne kundin bincikensa. Ana ɗauka cewa wanda ya san abu ya san yadda ake ba da shi, kuma wanda ya kai wannan matsayi ya wuce a tuna masa yadda ake zama da mutane. Daga nan tambayar wannan rubutu ta taso: shin ana iya koya wa babban malami, mai furfura da littattafai, yadda zai yi adalci ga ɗaliban da ba su yi kama da shi ba? In ma ana iyawa, wa ke da hurumin tilasta masa?

Su wane ne ke cikin zauren

Tambayar ba ta da wannan nauyi a farko. Lokacin da aka buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai a 1971, wadda ta zama jami'a a 1973, ɗalibai ƴan kaɗan ne, kuma siraɗin da suka tsallaka ya riga ya tace su. Yau lamarin ya canja. Cibiyoyin fasaha da aka buɗe a Maraɗi da Damagaram da Tawa a 2008 sun zama jami'o'i a 2010, waɗanda daga baya aka raɗa musu sunayen Ɗan Dikko Ɗankulodo da Andre Salifu da Jibo Hamani. A 2014 aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Jami'a ta matso kusa da ƙauye, kuma ƴaƴan da iyayensu ba su taɓa riƙe alƙalamin boko ba sun shigo da yawa.

Bambancin da suka shigo da shi ba iri ɗaya ba ne. Akwai na harshe: dokar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa goma, daga Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Tamajak har zuwa Tubanci da Gurmanci da Larabci da Buduma da Tasawak. Akwai na jinsi, a ƙasar da binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kusan uku cikin huɗu na ƴan mata ana aurar da su kafin su cika shekara 18, ta yadda duk wadda ta kai amfi ta riga ta ci yaƙi babba. Akwai na lafiyar jiki, ga shi kuwa Nijar ta rattaba hannu a 2007 ta kuma amince, a 2008, da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda ta ambaci ilimi mai zurfi ƙarara. Akwai waɗanda suka fito makarantun Faransanci da Larabci, akwai kuma waɗanda rikici ya raba da gidajensu, a yankin Difa tun 2015 da kuma yankin Tilaberi daga baya. Kowane ɗayansu ya ci jarrabawa ɗaya da sauran, amma hanyar da ta kawo shi daban ce.

Hujja ta farko: “Ni kowa ɗaya ne a wurina”

Malamai da dama, masu gaskiya da riƙon amana, sukan amsa da cewa ba su buƙatar wani horo, domin ba su duba ƙabila ko jinsi ko dukiya. Darasi ɗaya suke ba kowa, tambaya ɗaya suke yi wa kowa. Wannan magana tana da daraja, kuma bai kamata a yi mata dariya ba. A ƙasar da sanayya da “ɗan wane ne” suka lalata abubuwa da yawa, malamin da ya rufe idonsa ga sunan uba abin yabo ne. Dalilin da ya sa ake ɓoye sunan ɗalibi a takardar bak kafin a miƙa ta ga mai gyara ke nan.

Sai dai awo daban, noma daban. A kasuwa mudu ɗaya ake auna wa kowa da shi, in an canja mudu an yi zalunci. A gona kuwa, manomin da ya ce jigawa da fadama duk ɗaya ne a wurinsa, ya shuka musu iri ɗaya a rana ɗaya, ba za a kira shi adali ba. Za a ce bai san ƙasa ba. Jarrabawa awo ce, a nan rufe ido wajibi ne. Koyarwa kuwa noma ce, kuma mai noma da ido rufe ɓarna yake yi.

Masana zamantakewa biyu na Faransa, Pierre Bourdieu da Jean-Claude Passeron, sun nuna wannan a littafinsu *Les Héritiers* na 1964. Sun lura cewa jami'a tana ba da lada a kan abubuwan da ba ta koyarwa: salon magana, sabo da littattafai, sanin yadda ake tunkarar malami, ƙarfin halin ɗaga hannu. Wanda ya gaji waɗannan a gida sai a ce yana da baiwa, wanda bai gada ba a ce ba shi da kai. A shekarar nan ta 1964 ce kuma Abdu Mumuni Jofo, masanin kimiyyar da aka sa wa jami'ar Yamai sunansa a 1992, ya fitar da *L'Éducation en Afrique*, inda ya soki makarantar da Turawa suka bari saboda ta raba yaro da harshensa da al'ummarsa. Idan gadon gida yana da wannan tasiri a Faransa, inda malami da ɗalibi harshensu ɗaya, ina ga ƙasar da harshen karatu ba na uwar kusan kowa ba ne? Malamin da ya ce “ku karanta babi uku kafin mako mai zuwa” ya faɗi jimla ɗaya, amma ɗaya ɗalibin yana da littafin a ɗakinsa, ɗaya sai ya zaɓa tsakanin kuɗin hotokofi da abincin dare, makahon kuma sai ya samu mai karanta masa.

Hujja ta biyu: hali zanen dutse

Hujja ta biyu ta fi ta farko ƙarfi. Masu ita sun yarda akwai matsala, amma suna cewa taron kwana uku ba ya canja zuciyar mutum mai shekara hamsin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kowa kuma ya san irin tarurrukan da ake yi a otel, da kuɗin wata ƙungiyar waje, inda ake raba jaka da biro, a sha shayi, a sa hannu a karɓi kuɗin zama, a ɗauki hoto, a watse. Ranar Litinin kowa ya koma yadda yake.

Bincike ya ba su gaskiya a wani ɓangare. A Amurka, inda irin wannan horo ya fi yaɗuwa a kamfanoni da jami'o'i, masana biyu, Frank Dobbin da Alexandra Kalev, sun bi diddigin kamfanoni fiye da 800 na tsawon shekaru kusan talatin. Sakamakon da suka wallafa a 2016 ya nuna cewa horon dole sau da yawa ba ya ƙara yawan mata da tsiraru a manyan muƙamai, wani lokaci ma yakan jawo ƙiyayya ga abin da ake son koyarwa. Abin da ya fi amfani shi ne horon da mutum ya shiga da ra'ayin kansa, da haɗa ƙarami da babban da zai ja shi a jiki, da kafa kwamitin da zai riƙa duba alƙaluma yana tambaya. Binciken na kamfanoni ne, amma darasinsa ya shafi jami'a. A can ɗin dai lamarin ya rikiɗe ya zama rigimar siyasa, har jihar Tekzas ta yi doka a 2023 ta hana jami'o'in gwamnati tilasta wa kowa irin wannan horo. Duk ra'ayin da mutum yake da shi game da waccan doka, akwai abin lura a ciki: idan aka mayar da adalci kalmomin da ake haddacewa don tsira da aiki, mutane sukan haddace su, su kuma tsane su.

Tambayar ta girmi Amurka nesa ba kusa ba. Da ita Aflatun ya buɗe muhawararsa mai suna *Menon*, ko kyawun hali abin koyarwa ne, kuma bai rufe ta da amsa mai gamsarwa ba. Ɗalibinsa Aristo ya bi ta wata hanya. A ganinsa hali nagari sabo ne: kamar yadda magini ke zama magini ta hanyar gini, haka mutum ke zama adali ta hanyar yawaita aikin adalci. Idan haka ne, kuskuren tarurrukan otel shi ne sun nufi zuciya kai tsaye, alhali ƙofar zuciya hannu ne. Hukuma ba ta da ikon shiga ƙirjin malami ta ga wa yake so, kuma bai kamata ta nemi wannan iko ba. Abin da take da hurumin nema shi ne aiki, domin aiki ne ake biyansa albashi a kai, kuma aiki ana koyonsa ko da furfura.

Abin da hannu zai iya koya

Ayyukan ba masu wuya ba ne, rashin saninsu ne ke cutarwa. Malami ya faɗi da baki abin da yake rubutawa a allo, don makaho da wanda ke benci na arba'in. Ya ba da darasinsa a rubuce tun da wuri, a sigar da kwamfuta ko waya za ta iya karanta wa marar gani. Ya fuskanci ɗalibai in yana magana, saboda mai raunin ji da ke bin leɓɓansa. Ya bayyana tun farkon shekara abin da ake nufi da “sharhi” ko “tsokaci”, da yadda zai raba maki, maimakon ya bar ƴan gado su gane, saura su yi ta lalube. Ya dakata ɗan lokaci bayan tambaya kafin ya zaɓi mai amsa, domin mai fassara tunaninsa daga Fulatanci zuwa Faransanci ba zai riga ɗan birni ɗaga hannu ba. Ya karɓi ɗalibai a ofis a sa'o'in da kowa ya sani, ƙofa a buɗe, don kada neman bayani ya zama abin tsegumi ga ɗaliba ko tarko gare ta. Ya raba kuskuren nahawu da kuskuren tunani a lokacin gyara, ya hukunta kowanne da nasa awo.

Babu ɗaya cikin waɗannan da ke buƙatar a tuhumi malami da ƙabilanci ko a sa shi tuba a gaban takwarorinsa. Abin da suke buƙata shi ne wani ya zauna a bayan aji ya ƙirga. Malamin da abokin aikinsa ya gaya masa cewa cikin tambayoyi ashirin da ya yi yau, biyu kaɗai ya miƙa wa mata, ya fi saurin gyarawa bisa wanda aka yi wa lacca kan haƙƙin mata. Ba wanda ke ganin ƙeyarsa sai da madubi biyu.

Wannan salon horo ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u ƴar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta ga cewa matan karkara ba za su iya zuwa Sakkwato ko Wurno su zauna karatu ba. Sai ta horar da jajis, dattawan mata da ke jagorantar ƴan taru, ta ba su darasi a harshen da matan ke ji, ta naɗa musu malfa alamar izini, suna zuwa suna komawa, shekara bayan shekara. Horo ne na masu koyarwa, mai ɗorewa, wanda aka gina a kan sanin halin waɗanda za a koyar. Tun kafin ita, Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya lissafa wajiban malami a cikin *Ihya'u Ulumid Din*; daga cikinsu akwai tausaya wa ɗalibi kamar ɗan cikinsa, da yi masa magana gwargwadon fahimtarsa, da kauce wa wulaƙanta wani fannin ilimi a gabansa. Wannan na ƙarshe ya cancanci a tuna da shi duk lokacin da aka yi wa ɗalibin da ya fito makarantar Larabci kallon wanda bai yi karatu ba.

Akwai haɗari guda da ya wajaba a ambata, domin masu kyakkyawar niyya ne suka fi faɗawa cikinsa. Shi ne tausayin da ke ɓoye raini: a ƙara wa yarinya maki don mace ce, a sauƙaƙa wa ɗan ƙauye tambaya don “iyakarsa ke nan”. Robert Rosenthal da Lenore Jacobson sun nuna a 1968, a wata makarantar firamare ta Amurka, cewa zaton da malami ke yi wa yaro yana iya shafar ƙoƙarinsa. An yi ta muhawara kan girman tasirin, amma duk wanda ya taɓa riƙe aji ya san yaro na gane wanda ya yanke ƙauna da shi. Likitan da aka ba shaida don tausayi, marasa lafiyar ƙauyensu ne za su biya. Damawa da kowa tana nufin a daidaita hanya, mudu kuwa ya zauna yadda yake.

Jarrabawar masu rinjaye

Wannan magana ta samu sabon nauyi ga masu jin Hausa. Tun makarantun gwaji na harsunan gida da aka fara a 1973, malaman Hausa da ƙungiyoyin raya al'adu suke kukan an danne harshensu. A watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Wanda ya daɗe a rana yana da haƙƙin jin daɗin inuwa, amma ya fi kowa sanin zafin da na waje ke ji. Idan malami a Maraɗi ko Damagaram ya karkata zuwa Hausa don ya warware wata ƙa'ida mai sarƙaƙiya, ya taimaki mafi yawan ajinsa, kuma hakan daidai ne. Sai dai ɗan Gurmawa daga Makalondi ko ɗan Tubawa daga Bilma da ke zaune a nan, wanda Hausarsa ta kasuwa ce, ya zama baƙo sau biyu. Adalci a nan ba ya hana amfani da Hausa. Yana neman malami ya tambaya ko kowa ya bi, ya maimaita da harshen aiki, kada ya mai da rashin jin Hausa abin dariya kamar yadda aka taɓa mai da rashin jin Faransanci abin duka a makarantun da.

Haka batun wasan taubasai yake. Nijar tana alfahari da shi, UNESCO ma ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2014, kuma ya kashe wutar faɗa da yawa tsakanin ƙabilu. Amma daɗin wasan yana cikin ramuwa: ka tsokane ni, in tsokane ka. Tsakanin malami da ɗalibi babu wannan daidaito, domin ɗaya ne ke riƙe da jan biro. Barkwancin da ke haɗa zumunci a dandali yana iya zama wulaƙanci a amfi, gaban mutum ɗari biyar, in wanda aka tsokana ba shi da bakin ramawa.

Iyakar horo

Bai kamata a ɗora wa malami abin da ba nasa ba. Ba shi ya gina zaure marar hanyar keken guragu ba, ba shi ke jinkirta kuɗin tallafin ɗalibai ba, ba shi ya tara ɗaruruwa a ɗakin da aka yi don rabinsu ba. Hukumar da ta shirya taron horo don ta kauce wa gina ɗakunan kwanan ɗalibai mata ta yi wasa da hankalin jama'a. Haka kuma, tsarin ƙarin girma da jami'o'in wannan yanki suka daɗe suna bi ta hannun hukumar CAMES, wadda aka kafa a 1968, ya fi ba da nauyi ga rubuce-rubucen bincike. Muddin sa'ar da malami ya ɓata yana jan ɗalibi mai rauni ba ta da lissafi a takardunsa, to ana neman ya yi alheri ne da aljihunsa. Masu kirki za su yi, amma ƙasa ba ta dogara da masu kirki kaɗai.

Amsar tambayar farko dai ta fito. Soyayya ba a koyar da ita a taro, ba a kuma tilasta ta. Ayyukan da adalci ke tafiya a kansu kuwa ana koyonsu, ana gwada su, ana gyara su, kuma jami'ar da ke cin kuɗin talakawa tana da ikon neman su daga duk wanda ta damƙa wa ƴaƴan mutane. Sharaɗin shi ne horon ya kasance daga abokan aiki, a cikin aji, a kai a kai, ya kuma mutunta wanda ake horarwa kamar yadda ake son ya mutunta ɗalibinsa.

Malaman kwalej da lise ma suna da rabonsu a ciki, domin duk farfesan gobe yana zaune yau a ajin wani daga cikinsu, yana kallon wa ake kira da sunansa, wa ake kira “kai na baya”. A nan iccen yake ɗanye. Ƙungiyoyin malamai da na al'adu ba sai sun jira kuɗin waje ba kafin biyu daga cikin membobinsu su yi alkawarin ziyartar ajin juna sau ɗaya a wata, da takarda da fensir, su ƙirga wanda aka tambaya da wanda aka manta.